Littafin aikin duba idon masu ciwon sukari, 2025

Talata, 14 Janairu

Yau bayan an sallami layi muka zauna da incaj da sauran abokan aiki, muka tsayar da magana guda: duk baligin da ke karɓar maganin sukari a wannan cibiya tamu, sai an duba masa cikin ido aƙalla sau ɗaya kafin shekarar nan ta fita. Ni aka ɗora wa rubuta yadda aikin ke tafiya, mai daɗi da mara daɗi, saboda wanda zai gaje mu ko wata cibiyar da za ta so gwadawa.

Ga wanda bai san dalili ba: sukari in ya daɗe yana hawa, yana lalata ƙananan jijiyoyin jinin da ke shimfiɗe a bangon ido ta ciki, wurin da likitoci ke kira retina. Da farko su kumbura, su riƙa yoyo, wasu su toshe. In abin ya yi nisa sai ido ya tsiro da sababbin jijiyoyi marasa ƙwari, waɗanda ke fashewa su cika ido da jini, ko su janyo retinar su ɓamɓaro ta. Duk wannan yana iya ɗaukar shekaru mutum na karatunsa, yana ƙirga kuɗinsa, ba zafi ba ƙaiƙayi. Ranar da zai zo ya ce yana gani dishi-dishi, galibi ɓarna ta riga ta yi nisa. Wani babban nazari na 2012 da ya tattara bincike daga ƙasashe da yawa ya nuna kusan mutum 1 cikin 3 na masu sukari yana da wannan taɓuwa, kusan 1 cikin 10 kuma tasa ta kai matakin da ke barazana ga gani. Wani na 2021 ya sa Afirka a sahun gaba, da kusan kashi 36 cikin 100.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Mai sukari nau'i na biyu, wanda shi ne kusan duk mutanenmu, a duba shi tun ranar da aka gano ciwon, domin yawanci ya yi shekaru da shi bai sani ba. Mai nau'i na ɗaya, cikin shekara 5 da ganowa. Daga nan kowace shekara, sai in likitan ido ya ce a matso ko a sassauta.

Na ɗauko katunan marasa lafiya na duba. Akwai gurbin awon jini, akwai na sukari, akwai na nauyi. Babu na ido sam. Da safe na tambayi waɗanda ke kan benci wa aka taɓa ɗiga wa magani aka leƙa cikin idonsa. 'Yan tsiraru suka ɗaga hannu, da na bi su ɗaya bayan ɗaya kuma, tabarau suka je yankowa ko aikin yana aka yi musu.

Talata, 28 Janairu

Tun zaman can rajista muke fama da ita. Ba za ka ce kashi kaza aka duba ba alhali ba ka san su nawa ne ba. Littafin da muke da shi na zuwa ne, ba na mutane ba: Hajiya guda ta zo sau shida, sunanta ya fito sau shida, wani wuri da sunan mahaifi, wani da sunan miji. Akwai waɗanda suka rasu, akwai waɗanda suka koma wani gari. Mun buɗe sabon littafi, layi ɗaya mutum ɗaya, da lambar kati, shekarar da aka gano ciwon, unguwa, da lambar waya biyu. Ta biyun ta fi muhimmanci, don tsofaffi da yawa wayar ɗa ce ko ta jika.

Ingila ta fara shirinta na ƙasa a 2003, tana gayyatar duk mai sukari daga shekara 12 zuwa sama a ɗauki hoton idonsa. Wani bincike da ya fito a 2014 ya nuna cewa, karon farko cikin aƙalla shekara 50, wannan ciwo ya sauka daga matsayin na ɗaya a abubuwan da ke makantar da masu shekarun aiki a Ingila da Wales. In ana ba da labarin nan, kyamara ake ambata. Ni a ganina jerin sunayen ne ƙashin bayan abin, da mutumin da aikinsa shi ne ya lura wane bai zo ba ya neme shi. Wannan kuwa ba ya buƙatar dala.

Talata, 11 Fabrairu

Mun manna allon gwajin gani a baranda, muka auna mita 6 muka shafa fenti a ƙasa. Allon harafin E muka zaɓa, wanda mutum ke nuna inda ƙafafun suka fuskanta da hannu, saboda ba kowa ya yi boko ba. Kowane ido daban, a rufe ɗayan da tafin hannu, ba da yatsu ba, don wasu na leƙe. Wanda ya gaza layin 6/12, wato layin da lafiyayyen ido ke iya gani daga mita 12, sai a ba shi abin leƙawa mai ɗan huda. In gani ya gyaru ta hudar, mai yiwuwa tabarau ne matsalarsa.

An ɗan yi musu a kan wannan. Wani abokin aiki ya ce tunda allon ya samu, duk wanda ya karanta har ƙasa a rubuta an duba shi. Na ƙi. Mutum na iya karanta 6/6, wato layin mai lafiyayyen gani, alhali sababbin jijiyoyin nan sun riga sun tsiro. Allon yana gaya mana yadda mutum ke gani yau ne kawai. A littafi gurbi biyu ne, na allo daban, na hoton cikin ido daban, kuma na biyun kaɗai ake ƙirgawa.

Labari mai daɗi: an amince a ba mu aron kyamarar hannu zuwa ƙarshen shekara, wata likitar ido a birni kuma ta yarda ta riƙa karanta hotunan da za mu tura mata.

Talata, 25 Fabrairu

Ranar farko da kyamara. Mun share sito, muka toshe taga da bargo da kwali. Duhu ba ado ba ne a aikin nan: tsakiyar baƙin ido na buɗewa a duhu, tana tsukewa a haske, in kuwa ta tsuke hoto baƙi ƙirin zai fito. A Tailan, da aka kai manhajar Google mai karanta hoton ido ƙananan asibitoci 11, kusan hoto 1 cikin 5 manhajar ta ƙi karɓa, babban dalili kuma ɗakunan da ba za a iya duhunta su ba. Mun ɗauki darasi tun kafin mu fara.

Matasa kan yi ba magani. Tsofaffi da waɗanda suka daɗe da sukari kuwa sai an ɗiga musu tropicamide, maganin da ke buɗe tsakiyar baƙin ido, a jira wajen minti 20. Yana ɗan yaji, sannan gani na kusa ya dushe, rana ta riƙa kashe ido na awa 4 zuwa 6. Saboda haka tambayar farko kafin a buɗe kwalba ita ce: "Baba, da me ka zo?" In ya ce da mashin, kuma shi zai tuƙa, ba a ɗigawa, sai a sa masa wata rana ya zo da yaro. Kowa kuma ana gaya masa, in da daddare ido ya yi ja da ciwo mai tsanani, da ciwon kai ko amai, kada ya jira gari ya waye. Ba kasafai yake faruwa ba, amma maganin na iya tayar da hawan jinin ido ga wanda ke da shirinsa.

Hoto biyu kowane ido, ɗaya a kan tsakiyar gani, ɗaya a kan jijiyar ido. Hannunmu bai faɗa ba tukuna, ana ta kama gashin ido da fatar ido. Da yamma likitar ta kira tana dariya, ta ce duk mutanen da muka turo suna da ɗigo a wuri guda, ko 'yan gida ɗaya ne? Ƙurar hunturu ce a kan gilashin kyamarar. Yanzu akwai ƙyalle na musamman a cikin leda, ana gogewa kafin kowane mutum.

Ba ma tura suna a waya, lambar kati kawai.

Talata, 11 Maris

Yau 11 ga Ramadan. Layi ya ragu, waɗanda suka zo kuma da yawa sun ce ba za a ɗiga musu komai a ido suna azumi ba. Ba su yi maganar banza ba. Akwai 'yar hanya daga kusurwar ido ta wajen hanci da ke gangarawa maƙogwaro, shi ya sa mutum ke jin ɗacin maganin ido a baki. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muka tashi a kai, abin da aka sa a ido in ya isa maƙogwaro sai an rama. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa kuwa, a zamanta na Jidda a 1997, ta sa maganin ɗigawa a ido cikin abubuwan da ba sa karya azumi matuƙar mutum bai haɗiye abin da ya sauko ba.

Ba aikina ba ne in yi fatawa a ɗakin awo, kuma wanda ya matsa wa tsohuwa a kan azuminta ya rasa ta har bayan Sallah. Abin da muke yi: a gwada hoto ba magani, a zaunar da mutum a duhu ya ɗan jima tukuna. In ya fito, falillahil hamdu. In bai fito ba, a gaya masa maganganun malamai biyun, a nuna masa yadda ake danne kusurwar ido da yatsa na minti ɗaya ko biyu don a rage abin da ke gangarawa, ya zaɓa. Wanda ya ce sai bayan Sallah, ba a barinsa da "bayan Sallah" haka a buɗe. A rubuta masa ranar a bayan kati da jan biro.

Na je na gai da limamin masallacin Juma'a na roƙe shi ya ɗan taɓo maganar a wurin tafsiri. Ya yi, ya ƙara da nasa: ido amana ne. Ya kuma ce a sa shi a layi, ashe shi ma yana shan metformin, ƙwayar maganin sukari.

Talata, 8 Afrilu

Masu jan biro sun fara dawowa, ba duka ba. Zafi ya shigo, siton da muka toshe ya zama ba ya zaunuwa da rana tsaka, don haka hoto daga ƙarfe 8 zuwa 11 kawai. Cajin kyamara ya koma gidana, tunda solar cibiyar firjin allurar rigakafi take riƙewa, kuma ba mai taɓa ta.

Mun sauƙaƙa sakamako zuwa launi. Kore, sai baɗi. Ruwan ɗorawa, akwai taɓuwa, a gyara sukari da jini, a sake dubawa a lokacin da likita ta faɗa. Ja, a tafi asibitin ido ba jinkiri. Sai na huɗu, hoton da bai karantu ba. Wannan ba kore ba ne, ko da an so. Idon da aka kasa gani cikinsa akwai abin da ya tare, mai shi ma turawa ake yi.

Talata, 6 Mayu

Waɗanda aka ɗauka hoto sun doshi rabin littafi, kowa na murna. Sai na zauna na bi jajayen kaɗai, na kira su ɗaya bayan ɗaya in ji wa ya je. Jikina ya yi sanyi. Mafi yawansu suna gida, takardar turawa na cikin aljihu ko ƙarƙashin katifa.

Ɗaya daga cikinsu tela ne, dattijo, ya haura shekara goma da sukari. Da na sa aka kira shi ya zo, zare na manne a hannun rigarsa. Ya ce, "Likita, ni fa da nake zura zare a allura ba tabarau, ka ce idona zai mutu?"

Na ce, "Baba, ban ce zai mutu ba. Zo ka gani da kanka."

Na buɗe hotonsa a waya, na ajiye kusa da na lafiyayyen ido. Na lafiyan fes, jijiyoyi a miƙe. Nasa ɗigon jini ko'ina, da farare-farare, ga wasu siraran jijiyoyi sun cukurkuɗe a kan jijiyar ido. Ya karɓi wayar ya matso da ita, ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya daɗe bai ce komai ba.

"Wannan jan duk a nawa yake?"

"A na dama. Na hagu da sauƙi, amma shi ma ya fara."

"To me ya sa ban ji ba?"

Na ce masa ya san gara a azara: daga waje itace lafiya lau, har ranar da rufi zai rufto. Ya jinjina kai, ya ce ya ji, amma babbar Sallah saura wata guda, ɗinkin mutane ya cika shago, ya karɓi kuɗin wasu. Sai bayan Sallah. Na ce ranar guda ce zai bayar yanzu, in jinin nan ya fashe kuwa ba ranar da zai ƙara zama kan keke. Muka rabu a kan zai tura babban ɗansa ya zo mu yi magana.

Tun daga ranar duk mai ja sai ya ga hotonsa da idonsa, ba takarda kawai ba. Kuma ina ƙoƙarin sakamako ya fito mutum bai bar cibiya ba. A Ruwanda an gwada wannan a 2021 da manhajar ƙungiyar Orbis: waɗanda aka gaya wa sakamako nan take, kusan kashi 51 cikin 100 suka je inda aka tura su, waɗanda suka jira kwanaki kuwa kusan kashi 40. Bambanci ne na gaske, amma a lura, ko da sakamakon nan take kusan rabi ba su je ba. Likitarmu ta yarda ranar Talata za ta riƙa leƙa waya tsakanin marasa lafiyarta, aƙalla ta ware jajaye.

Daga yau lamba biyu nake kai wa incaj duk wata: nawa aka ɗauka hoto, da nawa cikin jajaye suka isa gaban likitan ido. In ta biyun ba ta motsa ba, ta farkon ba ta amfani kowa ba, tsoro kawai muka raba wa mutane. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Talata, 17 Yuni

Sallah ta wuce, ruwa ya sauka, maza sun tafi gona. Layin Talata ya koma na mata da tsofaffi. Ba abin yi sai haƙuri; wanda ya aiko yaro karɓar magani muna haɗa shi da saƙo.

Na tambayi jajayen da ba su je ba dalili, ba tare da faɗa ba. Ba wanda ya ce bai san inda asibitin ido yake ba. Kowa ya san na ECWA a Kano, da sashen ido na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wasu har Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna sun sani. Kuɗin mota ne, wanda tun cire tallafin mai a 2023 bai sauko ba, kuma na mutum biyu, tunda za a ɗiga magani dole da ɗan rakiya. Sai tsoron babban asibiti: ina zan yanki kati, wa zan tambaya, in an ce in dawo gobe ina zan kwana?

Sai muka gwada tafiyar rukuni. Muka nemi a ware mana rana, muka haɗa masu zuwa a mota ɗaya, ɗaya daga ma'aikatanmu ya raka su, shi ne ɗan rakiyar kowa. Kwamitin lafiya na mazaɓa ya tara kuɗin mai. Ma'aikacin ya dawo da takardar kowa a hannunsa, wanda shi ne karon farko da muka san abin da aka yi wa mutanenmu a can. Telan nan yana cikinsu, ɗansa ne ya kawo shi tasha. An fara masa leza, wato aikin da ake yi wa retina da haske mai ƙarfi, a idon dama.

Talata, 29 Yuli

Yawancin hotunan da ba su karantu ba yana ce ta tare. Ba abin mamaki ba ne: binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya samu kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, yana ke da kashi 43 na wannan, hawan jinin ido kusan 17, kuma mai sukari yana saurin yin yana fiye da sa'anninsa. Abin da ke ba ni tsoro shi ne in mun ce wa tsoho "yana ce" muka yi shiru, sai ya nemi masu cire ta na gargajiya, waɗanda ke tura ta cikin ido da tsinke. Binciken nan ya samu fiye da kashi 40 na idanun da aka taɓa saboda yana ta wannan hanya aka bi. Ga mai sukari da retinarsa ke da rauni, wannan ƙarasa ido ne. Yanzu kalmar yana ba ta fita bakinmu sai tare da ranar mota.

Ɓangaren mata: amsar da aka fi ji ita ce "sai na gaya wa maigida." Saƙo kuwa kafin ya isa gida ya koma "an ce in sayi tabarau." Mun koma kiran maigidan ko babban ɗa a waya nan take, matar na zaune, da izininta. Da yawa ba hanawa suke ba, ba su san girman abin ba ne.

Mun kuma haɗa kai da ungozomar ɗakin awo. Mace mai sukari tun kafin ciki, ciwon idon na iya gudu da sauri lokacin goyon ciki, don haka a duba ta tun watanni ukun farko, a ci gaba da bibiya. Wadda cikin ne ya zo mata da sukarin ba ta cikin wannan lissafi.

Talata, 2 Satumba

Wata jita-jita ta shigo benci, wai leza ƙone ido take. Na bi diddigi, ta samo asali daga wani da ya je a makare, aka yi masa, gani bai dawo ba. Gaskiyar da ya kamata a faɗa tun kafin a hau mota ita ce, leza ba ta dawo da abin da ya tafi, tana tsare abin da ya rage ne. Tun shekarun 1970 wani babban gwaji a Amurka ya nuna tana rage haɗarin mummunar asarar gani da rabi ko fiye. Tana iya rage gani na gefe da na dare, wannan ma a faɗa. Wanda aka yi wa alƙawarin zai dawo yana gani tar, in bai samu ba, shi zai hana mutum goma zuwa.

Mafi wuya su ne masu kumburi a tsakiyar gani. Maganinsu allura ce a cikin ido, irin su bevacizumab, kuma ba sau ɗaya ba, da farko kusan duk wata. Mutumin da ke raba ƙwayar metformin biyu don ta kai shi ƙarshen wata, ina zai samu? Akwai wadda ta yi ta farko ta tsaya. Ba ni da abin da zan rubuta a gurbinta sai "ta tsaya, kuɗi." Mun fara duba waɗanda za su iya shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, mu ji me yake ɗauka me ba ya ɗauka.

Abin da ke hannunmu kacokan shi ne sukari da jini, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Gwajin Amurka na 1993 a kan masu nau'i na ɗaya ya nuna riƙe sukari da kyau ya rage kamuwar ido da kashi 76 cikin 100. Na Birtaniya na 1998 a kan masu nau'i na biyu ya nuna sauko da hawan jini ya rage taɓarɓarewar idon da kusan kashi ɗaya cikin uku. Saboda haka masu ruwan ɗorawa mun sa musu alama a kati, ba a sallamarsu da "ci gaba da magani" in awo ya hau. Hoton ido ma ya zama abin wa'azi. Wanda shekara da shekaru ake ce masa ya rage lemon kwalba bai ji ba, ya ga ɗigon jini uku a idonsa ya fara tambayar me zai ci.

Gwajin HbA1c, mai nuna yadda sukari ya kasance wata biyu zuwa uku, sai an je birni kuma da tsada. A lura ma, ga mai sikila ko mai ƙarancin jini yana iya ba da lambar da ba ita ba. Wani ƙaramin abu: kada mutum ya yanki tabarau lokacin da sukarinsa ke hawa da sauka, domin gani na canzawa da shi, bayan wata guda tabarau ya zama na banza.

Talata, 14 Oktoba

Alhamis da ta wuce, 9 ga wata, ita ce Ranar Gani ta Duniya. Kwamiti ya so a kafa rumfa a kira gari duka a duba ido kyauta. Ban so ba. Na san abin da zai faru: masu neman tabarau su cika fili, batirin kyamara ya ƙare a kan mutanen da ba su da sukari, a ɗauki hotuna da manyan baƙi a watse. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Aka yi sulhu: gwajin sukari da awon jini ga duk baligin da ya zo, allo ga kowa, kyamara ga masu sukari kaɗai.

Sun fi ni gaskiya a abu ɗaya, manoman da suka ɓace tun Yuni da yawa sun fito. An kuma samu sababbi waɗanda sukarinsu ya yi sama ba su sani ba. Mun ce su dawo ba su karya ba a tabbatar. Waɗanda aka tabbatar sun shiga littafi, sai kason waɗanda aka duba ya sauka a rahoton wata. Incaj ya ɗan ɓata rai. Na ce a bar shi haka, sunayen da suka ƙaru mutane ne da a da ba ma ma san da su ba.

Talata, 18 Nuwamba

Inda muke: mafi yawan waɗanda ke littafi an ɗauke su hoto. Jajayen da suka isa asibitin ido sun haura rabi, kusan duka ta motar rukuni. Waɗanda suka rage kala biyu ne: masu wayar da ba ta shiga, da waɗanda suka ce sun ji amma ba za su je ba. Na farkon mun ba wa ma'aikatan da ke zaga unguwanni sunayensu, da sharaɗin su ce ana nemansu a asibiti kawai, ba su faɗi ciwon mutum a ƙofar gida ba. Na biyun za mu sake zama da su in sun zo karɓar magani.

Matsaloli biyu na gabanmu. Aron kyamara zai ƙare a Disamba, alhali 'yan Fabrairu za su cika shekara, zagaye na biyu zai fara. Mun rubuta takardar neman ƙari, na kuma fara koyon ɗaukar hoto da waya da gilashin 20D, wani gilashin hannu na leƙa cikin ido, ko da za a ce a mayar; yana yi, amma sai an ɗiga magani kowane lokaci, kuma hannu na daɗewa bai faɗa ba. Sannan ma'aikaciyar da ta fi kowa iya kyamarar an ce za a yi mata canjin wurin aiki. Daga Talata mai zuwa mutum biyu za su riƙa tsayawa bayanta a sito, kowanne ya ɗauki ido ɗaya ta duba.

Mota ta gaba ranar Alhamis ta farkon Disamba. Kuɗin mai bai cika ba tukuna, shugaban kwamiti ya ce zai yi magana da 'yan kasuwa bayan sallar Juma'a.